Daga Bakolori Zuwa Banki: Yadda Mahaɗi Ɗaya Ke Yi Wa Manhajoji Da Yawa Aiki

Duk wanda ya taɓa noman rani a fadamun Bakura ko Talata Mafara ya san inda ruwa ya fi zubewa. Ba a cikin inji ba ne, ba kuma a tsakiyar tiyo ba. A wurin da bakin inji ya haɗu da tiyo ne. Inji mai inci uku, tiyo mai inci biyu, sai a yanko robar tayar babur a yi ta naɗawa, ruwa na tsartuwa ta gefe, fetur na ƙonewa a banza. Manomin da ya gaji da wannan wahala yakan sayi mahaɗi mai kyau sau ɗaya, yau ya ɗaura shi a wannan inji, gobe ya kwance ya kai wancan.

Haka abin yake a cikin waya. Idan mutum ya biya kuɗin makaranta ta manhaja, alat ya shigo, risit ya fito, aƙalla manhajoji uku ne suka yi magana da juna a cikin 'yan daƙiƙu, kuma ba kamfani ɗaya ya rubuta su ba. Kowane kamfani yana buɗe wata ƙofa da ake kira API, ya gindaya sharuɗɗansa: yadda za a ƙwanƙwasa, irin shaidar da za a nuna, da tsarin da za a rubuta saƙo. Ƙaramar manhajar da ke tsayawa a bakin wannan ƙofa tana fassara tsakanin ɓangarorin biyu ita ce mahaɗi. Mafi yawan kuɗin da ke maƙalewa da saƙonnin da ke ɓacewa a wannan gaɓa suke samun matsala.

Tambayar da ke gaban matashin da ya fara koyon rubuta manhaja ita ce: zai yi naɗin roba duk lokacin da aka ba shi sabon aiki, ko zai ƙera mahaɗi guda da zai ɗauka daga wannan aiki zuwa wancan?

Misali daga gonakin Bakolori

An kammala madatsar ruwan Bakolori a kan kogin Sakkwato a 1978, aka tsara ta shayar da kimanin hekta 23,000 a yankunan Maradun, Talata Mafara da Bakura. Babban kaso na filin an yi masa tsarin feshi ne, mai dogara da famfuna da wutar lantarki, kuma shi ne ya fara durƙushewa. Ɓangaren da ruwa ke gangarowa da kansa ta magudanai shi ya jure. A ƙarƙashin shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, an gyara magudanai, aka kuma ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa domin su riƙa karɓar kuɗin ruwa da kula da ƙananan magudanai da kansu.

A ɗauka ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙungiyoyi ta nemi wani matashi ya rubuta mata manhaja. Buƙatunta ba su da yawa: a san wanda ya biya da wanda bai biya ba, a tura wa manoma tes ranar da za a sako ruwa a layinsu, sannan bayanan gonaki da ake tattarawa da waya ta KoboToolbox su shiga rajista ɗaya. Tun kafin ya rubuta layin farko, matashin ya riga ya dogara da baƙi uku: kamfanin biyan kuɗi, kamfanin tura tes, da sabar da ke riƙe da fom.

Hanya mafi sauri ita ce ya kwafo misalin da ke shafin kamfanin biyan kuɗi ya liƙa a shafin biya, ya sake liƙawa a shafin risit, ya sake liƙawa a shafin rahoto. Zai yi aiki, za a yaba masa. Matsalar sai ranar da shugabannin ƙungiya suka ce cajin wannan kamfani ya yi yawa, a koma wani. A ranar zai gano cewa sunan tsohon kamfanin ya shiga kowane lungu na manhajar, kuma cire shi kamar tsince tsakuwa ne daga buhun shinkafa.

Hanya ta biyu ta fi ɗaukar lokaci da farko. Manhajar ƙungiya ba za ta san sunan kowane kamfani ba. Umarni uku kawai ta sani, a ce `karbiKudi`, `tabbatarDaBiya` da `aikaSako`. Bayan kowane umarni akwai mahaɗi da ya san harshen kamfani guda. Idan za a sauya kamfani, mahaɗin ake sauyawa, sauran manhajar ko motsi ba za ta yi ba. Gobe idan wata Islamiyya a Maradun ko mai sayar da taki a kasuwar Talata ya zo da irin wannan buƙata, mahaɗan nan dai za a ɗauka.

Kobo ko naira

Mutum zai iya cewa ai karɓar kuɗi karɓar kuɗi ne, me zai bambanta kamfanoni? Ga abu na farko. Paystack, kamfanin Legas da Stripe ta saya a Oktoban 2020, a kobo yake ƙirga kuɗi. Wanda ke son karɓar naira 5,000 dole ya aika masa da lamba 500000. Flutterwave kuwa, a fitacciyar ƙofarsa ta uku, naira yake karɓa kai tsaye, 5000 na nufin naira 5,000. Mai manhajar da ya sauya kamfani ya manta da wannan, ko dai ya caji manomi naira 50 a maimakon 5,000, ko ya nemi ya biya rabin miliyan. Na farkon ya fi haɗari, domin babu wanda zai kawo ƙara, sai ƙarshen kaka asusu ya ƙi daidaita a fara kallon ma'aji.

Mahaɗi mai kyau yana yanke wannan hukunci sau ɗaya: a cikin manhaja duk kuɗi a kobo ake ajiye su, cikakkiyar lamba ba mai ɗigo ba, shi kuma ya juya su zuwa abin da kowane kamfani ke so a bakin ƙofa.

Abu na biyu shi ne alat na bogi, irin na manhajoji. Idan an biya kuɗi, sabar kamfanin tana turo wa sabar mai manhaja sanarwa cewa wane ya biya kaza. Amma adireshin da ake turo sanarwar a buɗe yake a intanet, duk wanda ya gano shi zai iya turo tasa. Shi ya sa Paystack ke buga wa kowace sanarwa hatimi da ake lissafawa da mabuɗin sirri ta hanyar HMAC SHA512, Flutterwave kuma yana da tasa hanyar ta daban. Duba hatimin layuka kaɗan ne, amma su ne layukan da mai gaggawa ke tsallakewa. Idan suna cikin mahaɗi, ba sai ya tuna da su a kowane sabon aiki ba. Ko bayan hatimi ya inganta, mahaɗin ya kamata ya koma ya tambayi kamfanin da kansa nawa aka biya, ya gwada da nawa ake bin mutumin.

Na uku ya fi ɓoyuwa. Idan Paystack ya turo sanarwa bai ji amsa ba, zai ci gaba da turowa har tsawon awa 72. A wurin da netwok ke ɗaukewa yana dawowa, sau da yawa sanarwar ta iso, amsar ce ta ɓace a hanya. Manhajar da ba ta yi shiri ba sai ta rubuta wa mutum ɗaya biya biyu. Maganin shi ne kowane ciniki yana da lambar shaida tasa, mahaɗin ya duba ko ya taɓa ganinta, idan ya gani ya amsa da "na karɓa" ya yi shiru.

Ƙugiyar da ke ninka kuɗin tes

Nan ne mahaɗin da aka ƙera a gida ya fi wanda aka sauko da shi daga waje. Tes guda yana ɗaukar haruffa 160, amma da sharaɗin duk haruffan suna cikin jerin da tsarin GSM ya tanada. Ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba sa cikin wannan jeri. Alamar naira, ₦, ita ma ba ta ciki. Da zarar ɗaya daga cikinsu ya shiga saƙo, gaba ɗayan saƙon zai koma wani tsari da ke ɗaukar haruffa 70 kacal, idan kuma ya wuce haka a yanka shi gida-gida mai haruffa 67. Saƙon haruffa 150 da ya kamata ya zama tes ɗaya sai ya zama uku. Ga ƙungiya mai manoma 800, sanarwa guda ta tashi daga tes 800 zuwa 2,400 saboda kalmar "ƙungiya".

To a cire ƙugiyoyin mana? Yawanci haka ake yi, kuma mai karatu na ganewa daga jimla. Sai dai "baƙi" da "baki" ba ɗaya ba ne, haka "ƙasa" da "kasa", kuma sunan mutum ko na ƙauye a risit ya cancanci a rubuta shi daidai. Wannan hukunci ne da ke buƙatar wanda ya san Hausa. Mahaɗin zai iya sauya ₦ zuwa N, ya cire ƙugiya a sanarwar gama-gari, ya bar ta idan saƙon WhatsApp ne inda babu wannan iyaka, sannan ya faɗa wa sakatare adadin tes ɗin da za a caje shi kafin ya danna aikawa. Injiniyan da ke zaune a Berlin ko San Francisco ba shi da dalilin tunanin wannan.

Lambobin waya ma da nasu rikici. Mutum ɗaya zai bayyana a rajista sau uku: 0803, 234803 da +234803. Idan an bi ta Excel, sifilin farko ma yakan gudu. Mahaɗi ya mayar da su duka tsari ɗaya mai farawa da +234. Kada kuma ya yi hasashen kamfanin layi daga lambobin farko, domin tun Afrilun 2013 ake iya sauya kamfani a Najeriya ba tare da sauya lamba ba, mai 0803 zai iya kasancewa ya bar MTN tuntuni. Akwai kuma waɗanda suka kunna tsarin hana saƙonnin talla na hukumar NCC ta lambar 2442. Saƙon da aka bi da shi ta hanyar talla ba zai same su ba, don haka risit da lambar sirri ta wucin gadi sai an bi da su ta hanyar saƙonnin hulɗa, wadda kamfanoni irin su Termii ke warewa daban.

Darasin Satumban 2021

Littattafan koyon manhaja sukan ɗauka katsewar netwok ta 'yan daƙiƙu ce. A Zamfara an ga wadda ta fi haka. A farkon Satumban 2021 NCC ta umarci kamfanonin sadarwa su rufe layuka a faɗin jihar saboda farmakin da ake kai wa 'yan bindiga, a daidai lokacin da gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako. Katsina, Sakkwato da Kaduna sun bi sahu a wasu ƙananan hukumominsu. An dawo wa Gusau da layi a farkon Oktoba, sauran yankuna kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba. Kusan wata uku babu kira, babu tes, babu POS.

Babu mahaɗin da zai ƙirƙiro netwok inda babu. Abin da zai iya shi ne ya hana bayanai salwanta. Maimakon ya aika saƙo nan take ya fitar da kuskure idan ya kasa, sai ya jera saƙonnin a layi a cikin ma'ajiyar waya ko ta saba, ya gwada, ya jira, ya ƙara tsawon jiran a kowane gwaji don kada ya cinye batir da data. Haka ODK Collect da KoboCollect ke aiki, ana cike fom a ƙauye babu sabis, ya tafi da kansa idan an shigo gari.

Amma jerin gwano kaɗai bai isa ba, kuma nan ne masu koyo da yawa ke tuntuɓe. Ba kowane saƙo ne ya cancanci jira ba. Shaidar cewa wane ya biya kuɗin ruwa, ko bayan wata uku dole ta isa. Sanarwar cewa "gobe da asuba za a sako ruwa a layi na huɗu" idan ta isa bayan mako biyu, ta zama ƙarya, kuma za ta fitar da mutum zuwa gona da duhu a yankin da fita irin wannan ba wasa ba ce. Don haka kowane saƙo na buƙatar wa'adi, mahaɗin ya zubar da wanda wa'adinsa ya wuce, ya kuma rubuta cewa ya zubar.

Farkon 2023 ya koyar da wani darasin. Lokacin sauya fasalin naira, takardun kuɗi suka yi ƙaranci, jama'a suka koma taransifa, manhajojin bankuna da dama suka riƙa gazawa. Zamfara na cikin jihohi uku, tare da Kaduna da Kogi, da suka fara kai gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris. Duk mai POS da ya yi aiki a watannin nan ya san ciniki ba nasara da gazawa kaɗai gare shi ba. Akwai hali na uku: an cire kuɗi a can, ba su iso nan ba, babu wanda ya san matsayinsu. Manhajar da ta ɗauki shiru a matsayin gazawa za ta sa mutum ya biya sau biyu. Mahaɗi nagari yana da wannan hali na ukun a rubuce, yana komawa lokaci-lokaci ya tambaya har sai ya samu tabbas.

Sauya kamfani ma ba zancen "idan" ba ne. A ƙarshen Afrilun 2024 Babban Bankin Najeriya ya dakatar da OPay, PalmPay, Kuda da Moniepoint daga buɗe sabbin asusu na wasu makonni, a watan Yuni kuma ya soke lasisin bankin Heritage.

Kayan aikin da ake da su

Ba sai mutum ya fara daga tushe ba. Akwai manyan tsare-tsare da aikinsu kawai haɗa manhajoji. Apache Camel, wanda ya fito a 2007, kyauta ne kuma yana zuwa da mahaɗai sama da 300. An gina shi a kan dabarun littafin Gregor Hohpe da Bobby Woolf na 2003 game da haɗa manhajojin manyan kamfanoni. A Camel mutum na rubuta hanya ce: ɗauko daga nan, tace, juya, kai can. Sake gwadawa da ajiye saƙon da ya gagara duk tsarin ya tanada. Idan babu mahaɗin kamfanin da ake so, sai a rubuta sabo a bisa ƙa'idarsa, a naɗe shi, duk wani aiki na gaba ya kira shi da suna. Kasuwar ba ƙarama ba ce: Salesforce ta sayi MuleSoft, mai irin wannan sana'a, a kan kimanin dala biliyan 6.5 a 2018.

Camel na buƙatar Java da kwamfuta mai ɗan ƙarfi, kuma ga aikin ƙungiyar manoma ya yi nauyi. n8n da Node-RED sun fi sauƙi, akwatuna ake ja a haɗa su da zare a kan allo, kowa kuma na iya rubuta nasa akwatin da JavaScript ya wallafa a npm. OpenFn ya fi kusa da irin aikin da ake yi a wannan yanki, domin an yi shi ne don ayyukan lafiya da agaji, yana da mahaɗai na KoboToolbox, CommCare da DHIS2, manhajar Jami'ar Oslo da Najeriya ke tattara alƙaluman asibitoci da ita.

Sai dai a yi hattara ta fuska biyu. Mahaɗi ne ke riƙe da mabuɗin sirri na asusu, don haka sauko da na wani da ba a sani ba kamar ba baƙo makullin shago ne. A 2018 an gano wani ya karɓi ragamar event-stream, wani sanannen ƙunshi a npm, ya cusa masa lambobin satar kuɗi daga jakar Bitcoin ta Copay. Mabuɗin sirri kuma a saba yake zama, ba a cikin manhajar da ake saukewa a waya ba, domin buɗe fayil ɗin APK ba wuya. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ma ta hau kan duk mai ajiye lambobin waya, BVN ko NIN na mutane, har da wanda ya bar su suna zuba a cikin rajistar kurakurai.

Fuska ta biyu ita ce zaƙewa. Wasu da zarar sun ji daɗin dabarar sai su shafe wata biyu suna ƙera mahaɗin da zai dace da kowane kamfani a duniya, alhali ko kwastoma ɗaya ba su da shi. Mai shago ɗaya da POS ɗaya ba ya buƙatar komai daga cikin wannan. A aikin farko ya isa a tattara duk abin da ya shafi kamfanin waje a fayil guda. Sai aiki na biyu ya zo ne ake gane abin da ya zama na kowa da abin da ya keɓanta, a lokacin ake ciro shi a ba shi suna da lambar siga. Lambar sigar na da muhimmanci, saboda gyaran da aka yi don Islamiyya kada ya karya manhajar ƙungiyar manoma da ke tsakiyar karɓar kuɗin kaka.

Ga mai waya kaɗai

Ɗalibi a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, ko wanda ke koyo a ɗaki ba tare da laftof ba, zai iya gwada duk wannan a wayar Android. Manhajar Termux, wadda aka fi saukewa daga F-Droid, tana gudanar da Node.js da Python, kuma Node-RED na tashi a cikinta, a buɗe shi a burauzar wayar. Paystack da Flutterwave duka suna ba da mabuɗan gwaji da katunan gwaji, ba a taɓa kuɗin gaske.

Aikin farko da ya dace ƙarami ne: mahaɗin tes da ke karɓar lamba da saƙo, ya gyara lambar, ya ƙirga gida nawa saƙon zai kasu, ya sa masa wa'adi. Bayan ya yi aiki sai a fara cutar da shi da gangan. A ba shi lambar da sifilinta ya gudu. A ba shi saƙo mai ƙ guda a ƙarshe. A turo masa sanarwar biya ɗaya sau uku, a ga ko zai rubuta ɗaya. Sannan a sa wayar a yanayin jirgin sama ana tsakiyar aikawa, a bar ta ta kwana, da safe a kunna data a duba waɗanne saƙonni suka tafi da waɗanda ya zubar.